Zaman Keɓe Da Wanda Bai Zo Ba

Ba a ba mutum takardar shaidar zama mai sulhu tsakanin iyali sai ya bi matakai, kuma ba a tsallake ko ɗaya daga cikinsu. Ni na shiga ne da digirina na ilimin zamantakewa, bayan na gama jami'a na dawo gida Kudan na zauna ba aikin yi. An fara horar da mu a aji, muka yi jarrabawa a rubuce. Daga nan aka rarraba mu ga tsofaffin masu sulhu, mu zauna a bayansu muna kallo, ba mu da ta cewa. Sai da muka ƙoshi da kallo aka bar mu mu ja zama da kanmu, babba yana gefe, ya yi mana gyara bayan an tashi. Zama na ƙarshe shi ne na tantancewa. Idan mai sa ido ya gamsu ya sa hannu, sunan mutum ya shiga cikin waɗanda aka amince da su. Idan bai gamsu ba, sai a koma zaman kallo, a jira zagayowar shekara. Ni kuwa ba ni da shekarar da zan bayar. Wata ƙungiya mai aikin sasanci a yankinmu ta yi mini alkawarin aiki da zarar na kawo takardar, ta kuma gaya mini a fili cewa ba za ta riƙe gurbin har damina ta wuce ba.

Ƙa'idojin aikin na haddace su kamar karatun allo. Mai sulhu ba alƙali ba ne, ba ya yanke hukunci, ba ya cewa wane ne mai gaskiya. Ba ya ɗaukar ɓangare, ko da a fuska ne. Wanda ya zauna a gabansa dole ya zama da son ransa ya zo, kuma da son ransa ya yarda, domin yardar da tsoro ya haifar ba yarda ba ce. Kowane ɓangare yana da haƙƙin zaman keɓe, wato a ji shi shi kaɗai, daidai gwargwadon lokacin da aka ba ɗan'uwansa, kuma abin da ya faɗa a ciki ba ya fita sai da izininsa. Sannan ba a ƙulla yarjejeniyar da za ta ci haƙƙin wanda ba ya nan. Saboda ƙa'idar sirri ne ban ambaci sunan kowa a nan ba. Abin da zan kawo daga bakin mutanen gidan, wanda aka faɗa a bainar kowa ne, kuma sun ba ni izinin faɗarsa.

Wadda aka ba ni ta sa mini ido tsohuwar jami'ar walwala ce, 'yar kudancin Kaduna da aure ya kawo ta Makarfi tun tana budurwa. Kowa Mama yake ce mata. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma rabuwa da mafici. A wurin zama takan nemi kusurwa ta zauna tana fifita, fuskarta ba ta nuna yabo ba ta nuna zargi. Mun sha yin gardama a tsakaninmu mu ɗalibai a kan ko saurin fifitar yana nufin wani abu. Ba mu taɓa samun matsaya ba.

Ranar tantancewata ta faɗo a tsakiyar bazara, zafi ya kai inda ya kai, ruwan farko bai sauka ba. Na sami Mama a tashar Makarfi da safe, muka shiga mota zuwa Ikara, daga nan muka hau babura zuwa wani ƙauye da ke gaba da Kurmin Kogi. A hanya ta ba ni bayanin da faston ƙauyen ya aiko mata. Gidan Hausawa Kirista ne, kakanninsu Maguzawa. Mahaifi ya rasu ya bar fadamar rake, kuma tun yana raye ya faɗa a gaban dattawa cewa ta 'ya'yansa ce su uku, daidai wa daida. Babban ɗa yana zaune a gidan. Na bayansa tagwaye ne, mace da namiji. Macen tana aure a ƙauyen. Namijin ya bi motar rake zuwa Kudu shekaru da dama da suka wuce, bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, ba a ji labarin hatsari ba, wayarsa ta yi ta shiga har ta daina. Mahaifiyarsu ta rasu tana jiransa. Yanzu babban yana so a raba fadamar gida biyu, ƙanwar ta ce sai dai uku.

Na ce, "Mama, kotu ta taɓa yanke cewa ya rasu?"

Ta ce, "Ba wanda ya kai maganar kotu. Kuma daga yanzu ba ni da baki, ɗana. Aikinka ne."

A zauren gidan aka sauke mu. Maigidan, wato babban ɗan, dogo ne, mai faɗin hannu, mai saurin dariya. Ƙanwarsa siririya ce, ba ta kallon mutum sai ta gefen ido. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya, aka tambayi zafi, aka tambayi mutanen Kudan da na Makarfi, na yi musu ta'aziyyar mahaifinsu ko da yake an daɗe. Sai da na zauna na lura da yadda aka yi shimfiɗa. Ban da tawa da kujerar Mama, tabarmi uku ne a gabana. Maigidan yana kan ɗaya, ƙanwar tana kan ɗaya, ta ukun kuwa tana manne da tata, ba kowa a kai. An ajiye moɗa cike da ruwa a gefenta.

Maigidan ya ga inda idona ya tsaya. Ya ce, "Malam, kada wannan ya dame ka. Aikin 'Yar Biyu ne. Ko coci muka je sai ta bar masa wuri a benci, mutane suna tsaye a baya."

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ai kai ma ba ka taɓa zama a wurin ba, Yaya. Ga benci, ga gajiya. Me ya hana ka?"

Ya yi dariya.

Al'adar ba baƙuwa ba ce a wurina. Ko a Kudan kakata takan ce ba a ba ɗan tagwaye abu a hana ɗan'uwansa, ko da loma ɗaya ce. Idan aka ɓata wa ɗaya rai, tukunya takan ƙi nuna komai yawan itacen da aka zuba mata, ko kuma a wayi gari da kunama a cikin shimfiɗa. Malamai sun yi wa'azi a kan wannan, fastoci ma sun yi, amma ban san uwar tagwayen da ta taɓa ɗinka wa ɗaya riga ta bar ɗayan ba. Abin da ban taɓa gani ba shi ne a ci gaba da yi wa wanda ba ya nan.

Na yi jawabin buɗewa yadda aka koya mana, ban rage komai ba. Na faɗi ko ni wane ne, na faɗi abin da ba ni da ikon yi, na bayyana sirri, na bayyana cewa kowa yana iya tashi a lokacin da ya ga dama. Suka yarda. Maigidan ya ce ya gaji da noma gonar da bai san iyakarsa a cikinta ba. Yana so ya haƙa rijiya a nasa kason, ya gwada albasa, amma duk inda ya sa fartanya sai a ce watakila wurin ɗan'uwansa ne. Ƙanwar ta ce ba ta hana shi rijiya ba, igiyar awon da za a ja a tsakiya ce ba ta yarda da ita ba. Suka yi ta zagaye a nan, shi yana ɗaga murya, ita tana sauke tata, har na ga lokacin zaman keɓe ya yi.

Ɗakin mahaifinsu suka ba mu, a cikin gida. Ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, ba taga sai wata 'yar kafa kusa da rufi. Galmarsa tana rataye a bango, Littafi Mai Tsarki yana kan wani katako tare da tsohuwar rediyo. Mama ta zauna a kusurwa a bayana. Na cire agogona na ɗora a gwiwa, domin kada in ba wani lokaci fiye da wani. Maigidan ya fara shigowa, sannan ƙanwar. Abin da suka faɗa yana nan a wurina, a nan kuma zai zauna.

Da ƙanwar ta gama, muka fito zaure tare. Ina shirin zama ta ce, da muryar da kowa zai ji, "Malam, saura shi."

Na ce, "Wa?"

Ta nuna tabarmar. "Ka ce kowa za a ji shi shi kaɗai. Da bakinka ka faɗa. Ka ji Yaya, ka ji ni. Saura shi."

Na tsaya ina auna maganar. A horonmu, ɓangare shi ne duk wanda yarjejeniya za ta taɓa haƙƙinsa. A bisa wannan, mutumin ɓangare ne. Ba ni da hujjar cewa ya rasu, ba ni kuma da ikon yanke haka, domin aikin kotu ne. Idan na ƙi, na nuna wa ƙanwar cewa na riga na binne shi, wato na koma bayan yayanta. Idan na yarda ba tare da izinin yayan ba, na koma bayanta. Na waiwayi Mama. Tana fifita, idonta yana kan rufin zaure.

Na ce, "Maigida, ƙanwarka ta nemi a ba ɗan'uwanku lokacinsa kamar yadda aka ba ku. Ba zan yi ba sai ka amince."

Ya tafa hannu yana dariya. "Je ka mana, Malam! Ka gaishe mini da shi. Ka tambaye shi ko a Kudu ba a sayar da caji ne, da ya bar waya ta mutu." Dariyar ta yi tsawo fiye da yadda maganar ta cancanta, kuma shi kaɗai ya yi ta.

Ƙanwar ta naɗe tabarmar, ta ɗauki moɗar da hannu biyu, ta kai ɗakin. Ta shimfiɗa a daidai inda su biyun suka zauna, ta gyara gefen da ya lanƙwashe, ta ajiye ruwan a dama. Sannan ta fita ta ja ƙyaure. Mama ta koma kusurwarta. Na zauna, na ɗora agogo a gwiwa.

Niyyata in yi shiru har lokacin ya cika in fito. Amma sai na ga wannan ba daidai ba ne. Sauran biyun na gaishe su, na maimaita musu ƙa'idar sirri, na buɗe musu fili. Idan na rage masa, ban ba shi abin da na ba su ba, kuma idan aka tambaye ni ko na yi zaman, ba zan iya cewa na yi ba. Saboda haka na fuskanci tabarmar na ce, "Barka da rana." Na tambayi gajiya, na tambayi zafi. Sai da na kai ga tambayar iyali na lura ina barin tazara bayan kowace gaisuwa, daidai tsawon amsa. Ban yi niyyar haka ba. Bakina ne ya saba.

Na faɗa masa ko ni wane ne. Na ce abin da aka faɗa a ɗakin nan ba zai fita ba sai da izininsa. Na ce, "Ina saurarenka."

Akwai wata 'yar huda a kwanon rufin, rana ta biyo ta ciki ta sauka a tsakiyar tabarmar, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Ban lura da ita a zaman farko da na biyu ba, watakila domin jikin mutum ya tare ta. A waje kurciyoyi suna kuka a kan bishiyar mangwaro tun da muka iso. Ban san lokacin da suka daina ba, na dai farga ba na jin su. Can sai na farga ba na jin maficin Mama. Ban waiwaya ba, domin mai sulhu ba ya kawar da ido daga wanda yake saurare.

Ruwan moɗar ya motsa. Zobe ɗaya ya tashi daga tsakiya ya tafi gefe, ya kwanta. Na gaya wa kaina ƙasa ce ta faɗo daga rufi, kuma mai yiwuwa ne haka ɗin ne. Sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na fadama da sassafe idan an karya rake, alhali rabon ƙauyen da ruwan sama tun kaka.

Daga ƙarƙashin gefen tabarmar, wanda ƙanwar ta gyara da hannunta, kunama ta fito. Ba babba ba ce, launinta na busasshen kara. Bazara lokacin kunama ne, ɗakin kuma na ƙasa ne da aka daɗe ba a kwana a ciki ba. Duk wannan na sani, kuma na faɗa wa kaina a lokacin. Ta hau tabarmar ba gaggawa, ta tafi har cikin hasken nan, ta tsaya, ta kwantar da wutsiya. Fuskarta tana wajena. Takalmana suna ƙofar zaure. Ko da suna kusa ma, ban san ko zan ɗaga su ba.

Ban san yadda zan bayyana abin da ya biyo baya daidai ba, kuma ba na son in ƙara masa komai. Ban ji murya ba. Ban ga kowa ba. Amma shirun ɗakin ya daina zama irin na ɗakin da ba kowa. Ya zama irin shirun da ke sauka idan mutum yana cikin ba da labari mai nauyi, wanda mai saurare yake jin kunyar ko gyara zama. Na ji kaina yana sunkuyawa kaɗan kaɗan, yadda nake yi idan ina nuna wa mai magana ina biye da shi.

Akwai dabarar da aka koya mana, ta maimaita wa mutum abin da ya faɗa a taƙaice domin ya tabbata an fahimce shi. Na yi ta har ta zauna mini a baki. Agogo bai kai ƙarshen lokacin ba na ji kaina ina cewa, "Idan na fahimce ka daidai, kana cewa..."

Na tsaya. Ba don na rasa abin da zan ƙarasa da shi ba. Sauran maganar tana nan a kan harshena, cikakkiya, kalma bayan kalma, kuma ba magana ba ce da na ji daga yayansa ko daga 'yar'uwarsa, ba kuma irin wadda zan ƙirƙira ba ce. Na haɗiye ta. Kunamar ta ɗaga wutsiya, ta juya, ta fita daga hasken, ta koma ta inda ta fito. Na ci gaba da zama har lokacin ya cika cif. Na yi godiya kamar yadda na yi wa sauran, na tashi. A bayana mafici ya ci gaba da motsi.

Da muka dawo zaure, maigidan yana jingine da bango yana sassaƙa wani kara da wuƙa. Ya ce, "To, Malam, me ya ce? Yana lafiya?"

Na ba shi amsar da zan ba kowa a kan zaman kowa. Na ce, "Abin da ya gudana a zaman keɓe ba na faɗarsa sai da izinin mai shi."

Wuƙar ta tsaya a cikin karan. Dariyar da ke fuskarsa ta zauna a wurin na ɗan lokaci ba tare da shi ba, sannan ta sauka. Na ga abin da maganata ta yi, na kuma san ba zan bar ta haka ba. Na ce, "Maigida, bari in faɗi daidai, kada ka ɗauki abin da ban ce ba. Ban ji muryar kowa ba. Ban ga mutum ba."

Ya ce a hankali, "Ai ba da murya yake yi ba. Ta fito?"

Ban tambaye shi wace ce ba, wannan kuwa ya ishe shi amsa. Ya miƙo hannunsa na dama ya juya shi. Akwai baƙaƙen tabon harbin kunama a gindin babban yatsa da gefen tafi. Ya ce, "Duk ranar da na ɗauko igiyar awo daga rumbu, tana ciki. Na sauya wurin ajiya, na rataye ta a bishiya, na sayo sabuwa a kasuwar Ikara. Tana ciki." Ya jefar da karan. "Rubuta uku, Malam. Rubuta mu tashi."

A nan kamar takardata ta riga ta zo hannuna ne, saura sa hannun Mama kawai. Ɓangarori sun daidaita, zama ya kammala, abin da ake so a gani ke nan. Amma mutumin a tsorace yake. Na ce, "Ba zan rubuta yanzu ba. Idan tsoro ne ya sa ka yarda, ba yarda ba ce, kuma gobe za ka tashi kana jin an yi maka dole. Gara mu ɗage zaman."

Na san abin da ɗagewa take nufi a gare ni. Zaman da bai kammala ba ba a tantance shi, Mama kuma ba ta da wata ranar da za ta ba ni kafin damina ta wuce.

Maigidan ya dube ni kamar ya ga sabon abu. "Kai wane irin mutum ne? Na ƙi, ka ce in yi tunani. Na yarda, ka ce ba ka karɓa. 'Yar Biyu, ina kuka samo wannan?"

Ta ce, "Fasto ne ya samo shi. Ni ma yau na fara ganinsa."

Na ce su ɗauki hutu, su sha iska, idan sun dawo duk abin da suka ce shi ne. Ya tashi ya fita ba takalmi, ya nufi fadama. Ta ɗan jira, sannan ta bi shi. Daga ƙofar zaure ina hango su can nesa a bakin raken, shi yana tsaye ya ba ta baya, ita tana tsugune. Sun daɗe. Tabarmar da moɗar suna ɗaki, ba wanda ya je ɗauko su, ni kuma na zauna ta yadda ba zan ba ƙofar cikin gida baya ba.

La'asar ta yi sanyi suka dawo. Ya zauna, ya share fuska da hular da ya cire. Ya ce, "Malam, ba kunama nake tsoro ba. Tun ina yaro take harbina. Ranar da motar raken nan za ta tashi, ni ne ya kamata in bi ta. Ƙafata ta yi ciwo, na ce ya je. Na ɗora shi da hannuna a kan raken." Ya mayar da hular kansa. "Ni so nake a raba biyu in san ya ƙare, in samu in yi masa makoki kamar kowa. Ba rijiya ba ce."

Ƙanwar ta ce, "Makoki ba gawa, Yaya? Idan ya tafi zan sani. Ciki ɗaya muka kwanta."

Ya ce, "Na ji. Ba zan ja igiya a tsakaninku ba."

Abin da suka tsayar, su suka kawo shi, ban sa musu ko kalma ba. Za a ja igiya sau ɗaya tak, a fitar wa babban kashi ɗaya cikin uku ta gefen da yake son rijiya. Sauran kashi biyun za su zauna a haɗe, ba iyaka a tsakani, ƙanwar tana nomawa, ba ta sayarwa, ba ta jinginarwa. Idan ɗan'uwansu ya dawo, za a sake zama da shi. Idan wata rana suna son a yanke maganar ransa ko mutuwarsa, kotu za su je, ba wurina ba. Na tambayi maigidan a gaban ƙanwarsa, na sake tambayarsa shi kaɗai a bakin zaure, ko da son ransa ne. Ya ce idan na ƙara tambayarsa zai fasa don in huta. Na rubuta, na karanta musu, suka sa hannu.

Ni da Mama muka sauka a tashar Makarfi. Ta sayi rake ta ba ni gaɓa ɗaya, muka zauna a benci.

Ta ce, "Mutum nawa suka halarci zamanka?"

Na ce, "Biyu."

"Zaman keɓe nawa ka yi?"

"Uku."

"Haka za ka kai rahoto? Za su kira ka a ofis su tambaye ka ko lafiyarka ƙalau."

Na ce, "Haka ya faru, Mama. Ba zan iya rubuta biyu ba."

Ta tauna rakenta ta tofar. Ta ce na riƙe tsakiya, na nemi izini kafin in shiga, na gyara maganata da na ga ta firgita mutum, na ƙi karɓar yarda a hannun wanda yake a tsorace alhali na san abin da zan rasa. Ta ce za ta sa hannu. Sannan ta ce, "Kuskurenka ɗaya ne, kuma zan rubuta shi. Ka katse shi."

Na ce, "Wa?"

"Na ukun. Bai gama ba ka fara taƙaitawa. Ba a taƙaita wa mutum sai ya kai aya."

Raken ya tsaya mini a hannu. Na ce, "Mama, kun ji wani abu ne?"

Ta ɗauki maficinta ta miƙe, domin mai babur ɗin da zai kai ta gida ya iso. Ta ce, "Kai ma ka san ƙa'ida, ɗana."

Takardata ta fito kafin ruwan farko, na kama aikin. A ofis sun kira ni kamar yadda ta faɗa, na bayyana musu, suka dubi juna, suka bar rahoton yadda yake, da gyaran Mama a ƙasansa. Tun daga ranar ban sake katse kowa a zaman keɓe ba, ko da shirunsa ya yi tsawon da ya dame ni. Na ji an ja igiyar a fadamar sau ɗaya, kuma ba abin da ya fito daga cikinta.

Maganar da na haɗiye a ɗakin nan tana nan, ba ta ragu ba ko da kalma ɗaya. Ƙanwar ta taɓa haɗuwa da ni a kasuwar Ikara, muka gaisa, ta tsaya tana kallona ta gefen ido kamar mai jira. Ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Har yau ban sami izinin mai ita ba.